Sulallan Rumawa da Idon Tsoho

Al Gharrafa, Lahadi

Ɗalhatu,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Takarda na rubuto don in muka haɗa ido zan faɗi abin da bai kamata ba.

Shekara tara ina tuƙa kafil ɗinmu, tsohon Balaraben da ya ɗauke mu aiki, ban taɓa taka ɗakin da yake ajiye sulallan zinarensa na Rumawa ba. Kai da na samo wa gadi bara, yau kai ne mai farar safar hannu, kai ne mai buɗe akwati. Ni kuwa sai "Yalla, Munzali, kawo mota." Wallahi abin yana ci na, ba zan ɓoye ba. Kuma ɗan liman guda kana jujjuya gumaka? Ta taga na hango mace mai fukafukai a jikin wani sule.

Ka huta lafiya.
Munzali

Laraba

Yaya Munzali,

Wa alaikumus salam, ya gajiyar hanya? Sai yau na samu zama.

Tsoho ba ya gani sosai tun bayan babbar salla. Ɓoye wa 'ya'yansa yake, don ranar da suka gane za su kwashe sulallan su sayar, shi kuwa shekara arba'in yana tara su. Ni nake zame masa ido, in ce ga sarki da rawanin ganye, ga mai fukafukan nan. Ya ce a da gunkin cin nasara ce, da Rumawa suka zama Kirista suka sa mata gicciye a hannu, ta koma mala'ika. Kallo muke, ba bauta ba.

Ai kai ya fara nema. Ya ce ya taɓa ɗora maka sule a tafi, ka ce a'uzubillahi, ka goge hannu a riga. Duk da haka ba wanda ya yarda da shi kamarka. Don Allah maganar idon nan ta tsaya tsakaninmu.

Ƙaninka,
Ɗalhatu

Alhamis

Ɗalhatu,

Salam. Takardarka ta makara. Ran Litinin na ɗauko Rashad, babban ɗansa, na ce ya binciki dalilin da mai gadi ke karanta wa babansa abin da ke tafin hannunsa. Kai na so a kora. Jiya Rashad ya kai tsoho wurin likitan ido, dillalin sulalla zai zo Asabar.

Ɗazu tsoho ya laluba ya kama hannuna, ya ce in taya shi gano wanda ya tona shi. Me zan ce masa?

Munzali