Hatimin Dalma a Kan Injina

Daren Laraba, damina, 1976

Yau ma injin niƙan bai tashi ba. Inna Talatu ta zo da jiƙaƙƙen geronta na kunun suna, ta ce, "Malam Sale, in ya yi tsami, kai za ka sha?" Ina kallo ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi wajen Yohanna, mai tsohon injin nan mai hayaƙi.

Nasa in ya tsaya, kowane makaniki a unguwar Madaki zai kwance shi, maƙeri ya ƙera abin da ya karye. Nawa sabo fil, amma duk Gombe ba sifanar da ke kama notinsa, ga hatimin dalma 'yan kamfanin da suka sayar mini da shi sun ɗaura masa. Wakilin kamfanin ya ce in jira injiniyansu daga Kano, wai in na taɓa hatimin sun zare hannunsu.

Su zare mana! Yaushe ma suka sa hannun? Abina, sai na nemi izini kafin in leƙa cikinsa?

Na danna sabulu a kan notin, siffarsa ta fito sarai. Gobe maƙeri zai ƙera mini sifana. Hatimin kuwa, da hannuna zan tsinke shi.