Slavar Gidanmu Ta Faɗo Ranar Tafiya Vienna

Negotin,
26 ga Afrilu.

Zuwa ga ƙanena Miladin,

Almasihu ya tashi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Biserka da yaran nan biyu, Nevena da Lazar. Allah ya kare ku a wannan uwa duniya da kuka tare, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana zuri'a. Mu ma nan lafiya ƙalau. Sanyin ƙarshen hunturu bai taɓa furen itatuwan bayan gida ba bana, shamuwa ta dawo sheƙarta a kan rufin makaranta, mijina Stanimir yana nan da gwiwarsa, yana ɗingishi yana rantsuwa cewa ta warke. Gwaggo Persida ta cika tamanin da huɗu, haƙoranta sun ƙare amma bakin yana nan yadda ka san shi. Mama tana cin abinci, tana zagaya lambu, idon ne kawai. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, wani duhu ne a tsakiyar ganinta da yake faɗaɗa, kuma kada mu sa rai da yawa bayan kaka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda take kiranka a waya duk Lahadi. Dalili shi ne, a waya da zarar na ji muryarka sai in hau zancen ruwan sama da farashin barkono har mu yi sallama. Abin da zan gaya maka ba ya fitowa ta baki, na gwada ya fi sau goma. Saboda haka ka nemi wuri ka zauna, kuma kada ka tsallake zuwa ƙarshe kamar yadda ka saba tun kana makaranta.

Ka san shekara goma sha tara Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi yana aikin gini a Vienna, kuma Mama ba ta taɓa taka garin ba ko sau ɗaya. Kullum akwai saniya mai shirin haihuwa, ko surukarta a kwance, ko mu biyu da jarrabawa. Abin da ta sani na Vienna shi ne katin nan da ya aiko mata mai hoton ƙaton lilon ƙarfe da yake juyawa da mutane har sama, wanda har yau yake maƙale a jikin madubinta. Da likita ya faɗi abin da ya faɗa a watan Janairu, sai na ce wallahi sai ta ga garin nan da idonta kafin idon ya tafi, gani ya kori ji. Ƙungiyar 'yan fansho ta nan garin tana shirya tafiya sau ɗaya a shekara, kwana uku, da bas mai tsayawa a hanya saboda tsofaffi, da ma'aikaciyar jinya a ciki. Bana za a tashi Laraba ashirin ga Mayu da sassafe, a wuni Alhamis ana yawon gari, a juyo Juma'a. Kujeru biyu suka rage lokacin da na je. Na ce wa matar ofishin ta dakata mini, na ruga gida don in duba ko ranar ba ta ci karo da slavarmu ba, bikin nan na addini na gidanmu da ɗa yake gada daga uba.

Nan ne na yi abin kunyar. Da a ce slavarmu irin ta su Stanimir ce mai tsayayyar rana a Disamba, da ba a yi haka ba. Amma tamu Spasovdan ce, ranar hawan Almasihu sama, kullum sai an ƙirga kwana arba'in daga Ista. Ni kuwa da na shiga kicin a gaggauce, kalandar da ke rataye ita ce wadda ka aiko mana daga Perth da Kirsimeti, mai hoton dabbar nan taku mai ɗaukar ɗa a aljihu. Na ga Ista a biyar ga Afrilu, na ƙirga da yatsa, na sauka a sha huɗu ga Mayu. Na ce madalla, mu yi slava, mu wanke tukwane, mu huta mako guda, mu hau bas, na koma na biya kuɗin tikiti. Ni da na shekara hamsin da shida ina rina ƙwan Ista, ban tuna cewa Istar mutanen can ba tamu ba ce, tamu bana tana bayan tasu da mako guda. Slavarmu ranar Alhamis ce, ashirin da ɗaya ga Mayu, ranar da ya kamata a ce muna tsakiyar Vienna muna ɗaga kai muna kallon rufin coci.

Ban gane ba sai da aka shiga azumi, Gwaggo Persida ta zo shan kofi, tana lissafa wa za a gayyata bana, ta ce a gaya wa mai gasa rago da wuri tunda ashirin da ɗaya ba nisa.  Na koma ofishin ƙungiya, matar ta ce babu wata tafiya sai baɗi war haka, kuma ni da ita mun san baɗi Mama ba lilo za ta gani ba. Na dawo gida na same ta ta shimfiɗa taswirar Vienna a kan tebur, ta kafa mata gilashin nan mai ƙara girman rubutu, tana bin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da farce don ta gano tashar da Baba ya ce shi ya jera duwatsun bangonta. Ta ce wai fadar sarakuna mai launin ɗorawa ba ta dame ta ba, ta ga gidajen masu kuɗi a talabijin sun ishe ta, ita dai a kai ta tashar nan ta dafa bangon, a kai ta layin da ya yi haya, sannan a ɗora ta a lilo. 

Mako bakwai na yi da maganar nan a cikina. Na raka ta kasuwa ta sayi takalmi mai laushi, tana tafiya da shi daga kicin zuwa ƙofar gida sau ashirin kullum wai tana horar da shi. Stanimir ya ce in faɗa mata kawai, rana ba ta ƙarya, na ce masa ya kula da gwiwarsa. Har na zauna ina zagin kalandarka, ina cewa mutum ya tafi bayan duniya ya aiko mana da ranakun wasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma gaskiyar ita ce ba Mama kaɗai nake ji wa ba. Ni ma ina son tafiyar, ina son in zauna a gidan shayi a kawo mini kek ɗin da ba ni na gasa ba, kuma na ji kunyar wannan son.

Talatar da ta wuce da hantsi muna dasa barkono, ni ina haƙa ita tana miƙo mini, sai na ajiye fartanya na gaya mata komai, ina kuka kamar 'yar shekara bakwai da ta fasa tulu. Miladin, dariya ta yi. Ta ce wai ni a tsammanina matar da ta shekara hamsin da takwas tana gasa burodin slava a gidan nan sai ta duba hoton dabba kafin ta san ranar? Tun ranar da na shigo da tikiti ina rawar kai ta sani. Ta ce ta yi shiru ne don tana son tafiyar, har ta je coci wurin Fada ta yi iƙirarin cewa zuciyarta ta fi karkata ga lilo a kan tukunyar alkamar da ake dafawa ranar slava, shi kuma ya tambaye ta ko ɗanta namiji ya rasu ne da take ɗauke da slava ita kaɗai. Daga nan ta daina dariya. Ta ce slava ba a jikin bangon gida take ba, tana inda ɗan gida yake, ita riƙo kawai take yi. Sannan ta juyo da gefen idonta mai gani, ta ce shekara biyu ke nan tana jira in kai saƙon da aka ba ni, domin Baba ya gaya mata ita ma. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ko da babban idonsa ya kusa rufewa.

To ga saƙon, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna da ka iso daga Perth kwana huɗu bayan an binne Baba, ka same ni a rumfar inabi, ka tambaye ni ko ya bar maka wata magana. Na ce maka a'a, na ce bai iya magana ba a ƙarshe. Ƙarya na yi maka. Ranar Litinin kafin ya cika, da rana tsaka a asibiti, yana cikin hankalinsa sarai, ya riƙe hannuna ya ce in ba ka mazaunin kyandir na tagulla da hatimin katakon da ake danna wa burodi. Ya ce in gaya maka ya miƙa maka slava, ka kunna ta a duk ƙasar da kake, Allah ya san hanyar can. Ya ce maganar da ya faɗa ranar da za ka tafi, cewa wanda ya bar gona ya bar sunan gida, bakin tsoho ne mai fushi, shi da ya shekara goma sha tara a ƙasar wasu ba shi da bakin faɗinta. Ya ce ka tsaya da ƙafarka ka yi wa baƙinka hidima muddin kyandir yana ci, kada ka zauna, kuma kada ka yi rowar ruwan inabi.

Na riƙe duk wannan saboda haushi. Ni na yi jinyarsa wata tara, ni na juya shi, ni na aske masa gemu, amma da zai yi maganarsa ta ƙarshe kai ya ambata, kai da ba ka nan. Na san babu jirgin da zai kawo ka a kan lokaci, na san ka kwana biyu a hanya, amma zuciya ba ta jin lissafi. Na ga yadda fuskarka ta yi a rumfar nan, na ga ka gyaɗa kai ka ce ba komai, na bar ka ka koma da tunanin mahaifinka ya mutu yana fushi da kai. Shekara biyu Mama tana kunna kyandir, Gwaggo Persida tana gunaguni cewa ɗan gida ya manta da gida, ni kuma ina zuba miya ina yin shiru. Ina jin nauyin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ba ni da wani uzuri da zan ƙara a kai.

Takardar nan za ta zo maka ta hannun Gordana, 'yar maƙwabcinmu mai aikin jinya a garinku, za ta tashi ranar uku ga wata. Tare da ita akwai ƙunshi a cikin tawul ɗin da Mama ta yi wa ado, mazaunin kyandir da hatimin suna ciki. Na goge tagullar har tana ɗaukar ido, amma daskararren kakin da ke gindi na bar shi, na kyandir ɗin Baba na ƙarshe ne. Mama ta so ta haɗa da alkamar gonarmu, Gordana ta ce a filin jirgin ku ko ƙwaya ɗaya ba sa bari ta wuce, hatimin ma sai ta nuna musu. Mama ta ce to wace irin ƙasa ce wannan mai tsoron alkama. Ta sa na rubuta wa Biserka yadda ake kwaɓa burodin a wata takarda daban, ta ce a gaya mata ba raini ba ne, hannun kowane gida daban.

Mu dai za mu tafi, Mama ta yanke. Gwaggo Persida ta ce ba za ta sake taka gidan nan ba, sannan ta ce a sayo mata cakulan mai taushi. Ranar Alhamis ɗin gidanmu zai kasance a kulle, karo na farko tun zamanin kakan Baba. Bisa tsarin tafiyar, ƙarfe goma na safe za mu hau lilo, na ƙirga sau uku a wannan karon, ƙarfe huɗu na yamma ke nan a wurinku. Ban ce ka yafe mini yanzu ba, wannan ka ɗauki duk lokacin da kake so, na ci bashinsa. Abin da nake roƙo shi ne ka nemi hutun ranar, ka kai burodi coci a yanka, ka kira ko mutum biyu ne, ka sa Lazar ya tsaya kusa da kai ya gani. In ba ka kunna ba, babu inda za a kunna shi a duniya bana, kuma ni ce sanadi. Mama ba ta da wannan fargabar ko kaɗan. Na tambaye ta in kuma ka ƙi fa, ta ce ita ta haife ka, ta ci gaba da tafiyarta da sabon takalmi.

Ka gaida mini Biserka da kyau, ka ce ina gode mata da haƙurin zama da ɗan gidanmu. Ka sumbaci Nevena, ka ce Lazar kakarsa ta ce ya aske gashin nan kafin ranar. Stanimir yana gaishe ka, Gwaggo Persida ma, duk da ta ce kada in rubuta. Mama ta ce in gaya maka da ƙarfe goma za ta juya fuskarta gabas daga can sama, kada ka bar ta tana kallon banza. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka da ta riƙe maka maganar mahaifinka shekara biyu,
Zagorka.