Maƙesu a Idon Hagu

Litinin, 4 ga Agusta
Maƙesu sun dawo fadamar bayan masana'anta. Da na kwaso ma'aikata bayan magariba, bakin hanya duk ƙyal-ƙyal kamar an watsa garwashi. Sabon manaja ya sake kawo zancen gwajin ido ga direbobi. Na ce masa shekara ashirin da shida ina jan motar nan, ko kaza ban taɓa takewa ba. Ɗan cikina ne zai koya mini hanya?

Laraba, 6 ga Agusta
Maƙesu ɗaya ya shigo ɗaki, ta hagu, wajen labule. Na ce Auta ta kore shi. Ta duba ta ce, "Baba, ba komai fa." Na ce waya ta gama cinye mata ido.

Alhamis, 7 ga Agusta
Uku. A banɗaki. Da rana tsaka.

Asabar, 9 ga Agusta
Na gwada abin da nake gudu. Bayan na sauke mutane na tsaya bakin fadama, na rufe ido. Na cikin ciyawa suka ɓace. Nawa suna nan, suna ta walƙiya a idon hagu. Gabana ya faɗi, wallahi.

In na yi magana an karɓe makulli, ni kuwa ban da tuƙi me na iya? Dabara ita ce, duk hasken da na gani ta hagu in share shi kawai. Uwar yara ta tambayi abin da ya hana ni cin abinci. Na ce ciki ne.

Talata, 12 ga Agusta
Da ƙyar nake rubutun nan.

Mutum goma sha takwas a bayana. Daidai kwanar fadama wani ɗan haske ya ɓullo ta hagu. Na ce a raina nawa ne, ban ɗaga ƙafa ba. Sai tsohuwar nan mai shara, da ke zama kusa da ni kullum, ta damƙe hannun rigata: "Direba, mutum ne."

Na taka birki. Mai keke ne da 'yar tocila a baki, ya goyo matarsa. Tsakaninsa da ƙarfen gaba bai kai taku ɗaya ba. Ya zage ni tas. Tsohuwa ta bari sai da za ta sauka. A hankali ta ce, "Ka gan shi fa, ɗana. Na ga ka gan shi."

Laraba, 13 ga Agusta
Na ajiye makulli kan teburin manaja. Bai yi mini dariya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Auta ta raka ni asibiti, tana kuka tana mini faɗa. Likita ya ce wata 'yar fata ce a bayan ido ta fara yagewa, da na ƙara mako da shi ke nan. Gobe za a yi wa idon aiki.

Juma'a, 22 ga Agusta
An cire bandeji. Hagu dishi-dishi. Zancen tuƙi sai bayan wata uku, in ma za a yi. Tabarma muka fitar ƙofar gida, ba don komai ba, ɗakin ne da zafi. Wani abu ya yi ƙyal wajen magudanar ruwa. Na ce, "Auta, kina ganinsa?"

"Ina gani, Baba. Biyu ne ma."

Ɗaya na gani. Na ce ta nuna mini ɗayan.