Kwalaben da Gwaggo ke Aikowa

Daga ƙaninka Dikko, Fatakwal, 9 ga Mayu, 1994.

Yaya Jibril,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da mutanen Badafi duka. A miƙa wa Gwaggo godiyata, lallai ta cika likita. Wata shida tana aiko wa matata Furera maganin tarin nan mai kodin ta hannun direban Kwanar Dangora, wai yana kwantar da ciwon baya. Da yake cikin fari ne, kunya ta hana kowa gaya wa mai kemis cewa mai ciki za ta sha.

Furera ta sauka, namiji. Muna nan lafiya, sai dai kwana biyu da haihuwa yaron ya kama karkarwa da tsala kuka, ya ƙi nono. Na ɗauka iska ce. A asibiti, da nas ta ga kwalbar maganin a jakarmu sai ta ce, "Malam, tun a ciki ɗanka yake shan wannan, yanzu nemansa yake yi." Nan take aka ba shi gado. Haka muka yanka rago, mai sunan yana asibiti. Ku taya mu addu'a.

Na ji ƙanwarmu Tasalla ma cikinta wata bakwai, kuma Gwaggo ce ke kula da ita. To Yaya, akwai wanda ya leƙa ƙarƙashin gadon Tasalla ya duba ko akwai irin kwalaben nan kuwa?