Abin da Fentin Kawu Shee Ya Rufe

Kisauni, Mombasa
Talata, 11 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Zuhura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Sa'idi da yara, kuma zafin Maskat bai takura muku ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa albarka a gumin da kike yi a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ƙafar maigidana Athumani ta warke, ya koma aikinsa a tashar jiragen ruwa. 'Yata Riziki ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, ba ta da aiki sai tsayuwa gaban madubi. Mama kuma tana wurina yau sati uku ke nan, kuma zamanta a wurina shi ne ya sa na ɗauki biro. Kin yi ta tambayata a waya me ya sa ba kya ganinta a sabon gida, ni kuwa ina ta yi miki kwana-kwana. Wallahi da baki ba zan iya ba. Shi ya sa na rubuta, zan ba Bi Khadija da za ta taso wurinku ranar Alhamis.

Yaya, bari in fara da laifina. Lokacin da Kawu Shee ya ce zai sayar da gidansa na Mshomoroni, kika ce ga damar da kika yi shekara bakwai kina nema ta raba Mama da gidan haya, ni kika ce in zame miki ido. Na je a watan Janairu, rana tana dukan ƙasa, ko ɗigon ruwa babu a gari. Na tarar da gida fari fat, tagogi duk a buɗe, kowane ɗaki da kaskon turaren wuta yana hayaƙi. Matarsa Bi Mishi ta kawo mini gahawa da alewa, amma ta ƙi zama, ta ce tana da girki a wuta. Na tambayi Kawu me zai sa mutum ya bar gida mai kyau haka, ya ce kusa da shagonsa yake so, kuma bai yarda bare ya mori wurin ba alhali ga yayarsa ciki ɗaya tana biyan haya. Da na ce warin fenti ya yi yawa, sai ya yi dariya ya ce, “Mwanakombo, ko amarya ai sai an yi mata kwalliya.” Ni ma na yi dariya. Ban leƙa bayan gida ba, ban ƙwanƙwasa bango ba, ban gaisa da maƙwabci ko ɗaya ba. Ina fita na kira ki na ce ki saya.

Wata biyu Mama ta yi cikin farin ciki. Ta shuka furen yasmin a bakin ƙofa, duk wanda ya zo sai ta zagaya da shi ɗaki ɗaki tana cewa Zuhura ce ta yi mata. Sai ruwan Afrilu ya sauka. Wari ne ya fara zuwa, irin na tsumman da aka manta a bokiti ya kwana uku. Daga nan ɗige-ɗige suka fito a gindin bango, kamar an fesa shayi. Kafin sati biyu fentin ya kumbura, ya yi bororo irin na ƙunar ruwan zafi, daga ƙasa har ƙugun mutum. Wata rana na sa yatsa na danna ɗaya. Yaya, ya fashe. Abin da ke ƙarƙashinsa baƙi ne ƙirin, mai yauƙi, da wani gashi-gashi a kansa, ga kauri. Fumfunar da ta yi wannan kauri ba ta bana ba ce, ta shekara da shekaru ce aka shafe da fenti. Na wanke yatsan nan da sabulu, na goga lemun tsami, na goga toka, duk da haka kwana biyu da cokali na ci abinci, ni da ban san cin shinkafa da cokali ba.

Daga bango abin ya bazu ko'ina. Takalman Mama na fita suka yi kore kamar an shuka musu ciyawa. Burodin da aka saya da safe, kafin washegari ya yi furfura. Muciya, faifai, igiyar carbi, har dardumar salla, ka sa goshi ka ɗago da wari a fuska. Ranar da na juya katifarta na ga bayanta, waje na fita da gudu na yi amai a gindin yasmin ɗin nan. Na sayo ruwan cire tabo na goge bangon da buroshi har hannuna ya saɓule, kwana huɗu abin ya dawo kamar ban taɓa shi ba. Ita kuwa Mama tari ya kama ta, irin wanda ke sa ƙirji yin fito, ta tashi da asuba idanu jajur. Amma ko kusa ba ta yarda a taɓa ƙaninta ba. Cewa take yi damina ce, kowane gida a Mombasa haka yake, kuma mu 'ya'yan zamani ba mu iya godiya ba.

Maƙwabciyarta ce ta buɗe mini ido, wata Mama Nyevu mai suyar kifi a bakin layi. Ta gan ni ina shanya katifar, sai ta ce, “Ayya, ku ne kuka gaji tarin gidan Shee?” Na ce mata ban gane ba. Ta ajiye matsaminta ta ba ni labari tiryan-tiryan. Gidan a kan tsohuwar hanyar ruwa aka gina shi, duk ruwan unguwa a bayan ɗakin Mama yake kwanciya. Bara jikan Kawu, ɗan jaririn nan na Fadhili, sau biyu ana kwantar da shi a asibiti saboda ƙirji, har likita ya ce in suna son yaron su bar gidan. A watan Disamba kuma da idonta ta ga masu fenti sun yi kwana biyar, shafi uku suka yi. Ta ce ta so ta yi mini magana ranar da na zo dubawa, amma ta ga na fito ina dariya da mai gidan ina kiransa Kawu, sai ta kama bakinta. Da na gaya wa Mama, cewa ta yi matar 'yar gulma ce. Sai da numfashinta ya sarƙe wata ranar Laraba muka tafi asibiti a keke mai ƙafa uku, likita ya ce kada ta ƙara kwana a ɗakin, sannan ta yarda ta biyo ni Kisauni, tana tafe tana mita.

Ranar Juma'ar da ta biyo muka koma ɗebo kayanta da hantsi, na ɗaure mata hanci da mayafi. Kin san akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado. Da ƙyar murfin ya buɗu. Zannuwan kanga na aurenta sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Hular Baba ta yi fari da kore. Hotuna sun like da juna, na ɓamɓare guda, fuskar Baba ta biyo yatsana, sai rigarsa kawai ta rage a takardar.  Sai Mama ta kai hannu can ƙasa ta ciro likkafaninta, wanda ta sayo a Makka shekarar da kika biya mata kujera, ta wanke shi da zamzam da hannunta. Ta warware shi a tsakar ɗaki. Yaya, ba zan kwatanta miki duka ba. Baƙi da kore tun daga wannan baki har wancan, wani wurin ya ruɓe har yatsa na shiga. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ninke shi a hankali yadda yake, ta sa a leda, ta ce in tsayar mana da keke.

Sabon gidan Kawu a Majengo muka nufa. An sauko daga masallaci, an shimfiɗa tabarma, ga tiren shinkafar pilau a tsakiya, ga surukansa biyu da wani abokin kasuwancinsa. Ya taso da fara'a yana cewa yayarsa ta zo a kan gaɓa, a kawo ruwan wanke hannu. Mama ba ta zauna ba. Ta zazzage likkafanin a gefen tiren, warin ya tashi ya danne na shinkafar, abokin nan ya ja da baya yana toshe hanci. Ta ce, “Shee, ni na goya ka a bayana. Ga abin da za a naɗe ni da shi, ka duba mini ko ya yi.”  Sai muka ji Bi Mishi daga ƙofar kicin ta fashe da kuka tana cewa ta gaya masa, wallahi ta gaya masa kada ya sayar wa na gida. Kin ji fa, wai kada ya sayar wa na gida, wato bare ko oho. Shi kuwa Kawu, kin san abin da ya ce? Wai shi fenti kawai ya yi, bai taɓa cewa babu danshi ba, kuma ba wanda ya tambaye shi. Yana maganar da maiƙon nama a leɓensa. Na ga ƙazanta iri-iri a wata biyun nan, amma ban ji ƙyamar komai ba kamar wannan amsa. Mama ta juya muka fito, ta bar masa abin a kan tabarma.

Athumani ya samo wani magini, Karisa, dattijo mai gaskiya. Ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da guduma, ya ce gini bai mutu ba, amma goge-goge aikin banza ne muddin ruwa na kwanciya a baya. Sai an haƙa magudana, an sa indararo a rufin, an fasa yaɓen ciki har zuwa kafaɗa a bar bulo ya sha iska har damina ta wuce, an buɗe ƙarin taga a ɗakin Mama. Ya ce bayan nan ma farar ƙasa za a shafa, ba fentin mai ba, don bango ya riƙa numfashi. Katifa da tabarmi da duk abin da ya sha, ƙonawa za a yi. Aikin ba ƙarami ba ne.

A nan ne zan gaya miki abin da ya fi ba ni kunya. Wani dillali ya ji labari ya same ni, ya ce me zai sa mu wahalar da kanmu? Mu bari watan Janairu ya zo, mu shafa fenti, shi yana da masu saye 'yan Nairobi da ba su san damina ta bakin teku ba. Yaya, na saurare shi har ƙarshe. Har na karɓi lambarsa. Na zo gida ina lissafin yadda guminki zai dawo, na kawo wa Mama maganar a matsayin shawara. Ta dube ni irin kallon da ta yi wa likkafanin nan, ta ce, “To ki sayo turaren wuta da yawa, ki koyi dariyar kawunki.” Ban san sanda na shige bayi na yi ta wanke fuska ba. Na yaga lambar.

Mun fara aikin ranar Asabar. Mama ta nace sai ta je, muka ajiye mata kujera a waje inda iska ke kaɗawa. Karisa na fasa yaɓe, ni da Athumani muna kankare abin da ya rage, hanci a ɗaure, hannu cikin safar roba, baƙin ruwa na gangarowa har gwiwar hannu. Wajen azahar sai ga Kawu Shee cikin farar riga sabuwar guga, da ledar lemu a hannu. Ya tsaya gaban Mama yana ta jera gaisuwa, yana cewa shaiɗan ne, kasuwa ce ta yi masa nauyi. Ba ta karɓi lemun ba. Ta sunkuya ta ɗauki buroshin da ke cikin bokiti, yana ɗigar baƙin ruwa, ta miƙa masa, ta nuna masa ɗakin da ta yi wata uku tana kwana. Ya dubi rigarsa, ya dube ta. Ya shiga. Na ba shi ƙyallen ɗaure hanci, Mama ta ce in bar shi, ai shi ya ce fenti kawai ya yi. Sau biyu yana fitowa yana kakarin amai a bakin magudana, sau biyu yana komawa. Mama Nyevu ta bar kifinta a wuta ta zo ta tsaya a ƙofa, tana cewa, “Malam Shee, ga wani can sama ka tsallake.” Har la'asar yana ciki. Da zai tafi, rigar nan ba ta moruwa, Mama ta yi masa magana ta farko tun waccan Juma'ar ta likkafani: ta ce Asabar mai zuwa ya zo da wuri.

To Yaya, kin ji yadda ake ciki. Gida naki ne, kuma ni na cuce ki da gaggawata, ki yafe mini. Mama ta ce in gaya miki ba za a sayar ba, in kuma wata rana dole ta sa, to a tsakiyar damina za a nuna wa mai saye, a kai shi bayan gida ya gani da idonsa. Ta kuma ce kada ki kira Kawu ki zage shi, ƙaninta ne, ita ta san yadda za ta yi da shi. Tarin ya yi sauƙi ƙwarai, jiya har ta ci wake da madarar kwakwa ta nemi ƙari.

Ki gaishe mini da Yaya Sa'idi, ki shafa mini kan Nasra da Hamudi. Athumani da Riziki suna gaishe ku. Mama tana sa miki albarka safe da yamma. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, a gidan da za mu iya jan numfashi a cikinsa.

Taki ƙanwa,
Mwanakombo