Da Hannuna Na Cire Baffana Daga Zuri'armu

Assalamu alaikum Hajiya mai shafi, da ke da masu karatu. Don girman Allah ki ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙonku kada ku yi mini rubdugu kafin ku kai ƙarshe, zagin da na yi wa kaina a cikin wata biyun nan ya ishe ni. Shawara nake nema, kuma ranar Asabar ɗin nan nake buƙatarta.

Ni malamar firamare ce a cikin garin Daura, shekarata talatin da huɗu. Ina da baki, ba zan ɓoye muku ba, kuma ina da son a ce ni na sani. Bara a guruf ɗin danginmu aka ce yara sun taso ba su san junansu ba, a samu mai tattara tarihin zuri'ar kakanmu, wanda duk muke kira Malam. Kafin kowa ya yi magana na ce ni zan yi. Wa ya fi ni karatu a gidan? Na sayi littafi, na bi gwaggonnina biyu da suka rage, na kwashe tsofaffin hotuna, sannan a akwatin marigayi babana na ci karo da wani kaset. Ashe tun ina goye babana ya zaunar da Malam ya ɗauki muryarsa yana ba da labarin gidanmu. Na kai wa mai gyaran rediyo ya juye mini a waya, na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

A cikin kaset ɗin babana ya ce, "Malam, 'ya'yanka nawa?" Malam ya ce bakwai, ya jero su ɗaya bayan ɗaya. Babana ya ce, "To Yaya Sale fa?" Sai shiru. Can Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan ai yaron mutanen Babban Mutum ne. Ku tambaye su."

Yaya Salen nan shi ne Baffa Sale, dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu, manomi a garin Babban Mutum. Mun taso muna ganinsa duk Sallah da duk rasuwa, ya zo da buhun gero da kwaryar daddawa, ya zauna a bakin zaure ba ya ko ɗaga murya. Mun san ɗan matar Malam ta fari ne, wadda ta rasu tun kafin a auri kakarmu. Amma da na ji maganar nan, in faɗa muku gaskiya, daɗi na ji. Na gano abin da babu wanda ya gano! Na ce to bari in ƙara bincike, irin binciken da mutum ya riga ya yanke hukunci yake neman masu goya masa baya. Na duba katin shaidar Baffa da aka taɓa turowa guruf, na ga sunan uban da ke jiki ba na Malam ba ne. Na duba hotuna, na ga tsagar fuskarsa dogaye ce a kumatu, ta babana da 'yan'uwansa kuwa gajeru ce a gefen ido. Hujja uku. Me kuma nake jira? Na rubuta a littafina cewa matar Malam ta fari da ɗanta ta zo, Baffa Sale agola ne.

Za ku ce me ya hana ni tambayar Baffan? Girman kai. Za ku ce ba wani tsoho da ya rage? Akwai Iya Dije, ƙanwar Malam uwa ɗaya uba ɗaya, tana nan kwance a Mai'adua, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Na ce tsohuwa ce ta rikice, me za ta faɗa mini da ya wuce muryar mai gidan da kansa? Kuma akwai wani abu da nake jin kunyar faɗa. Lawal, babban ɗan Baffa, ya taɓa yi mini dariya a guruf, ya ce, "Malama 'yar boko za ta koya mana asalinmu." Kowa ya yi ta tura dariya. Na riƙe abin nan a raina. Da nake rubuta kalmar agola, fuskar Lawal nake gani.

Kwana uku bayan Babbar Sallah aka yi taron zumunci a gidan Malam. An kafa rumfa a ƙofar gida, mata na suya a ciki, yara na ta guje-guje. Na sa an buga mini bishiyar zuri'a a ƙaton kyalle, aka rataya a bangon zaure bayan la'asar. Kowa ya taso yana neman sunansa yana murna. Sunan Baffa da na 'ya'yansa tara da jikokinsa na ware su can gefe a cikin wani akwati, babu layin da ya haɗa su da Malam, a sama na rubuta abin da na rubuta. Lawal ya daɗe a tsaye yana kallo. Ya juyo ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Na ce ni ce, kuma da hujja. Na ɗaga waya na kunna kaset ɗin a lasifika, a gaban mutum sama da ɗari, Baffa na zaune a kan tabarma da kofin kunu a hannu. Wallahi har yau ina ganin yadda ya ajiye kofin nan a hankali.

Lawal ya fizgo kyallen ya yaga shi biyu. Yayana Nasiru, wanda muke ciki ɗaya, mutum ne da ko a gida ba a ja da shi, ya tashi ya ce, "Kai, a gidan ubanwa kake yaga mana kaya? Ka ji da kunnenka, ba ku da gado a nan. Ku je can ku nemo ubanku." Kafin ya rufe baki Lawal ya kwashe shi da mari, har hularsa ta faɗa cikin kwata. Shi ke nan. Kujeru suka fara tashi sama. Ƙannen Lawal suka yi kan Yaya, samarin gidanmu suka yi kansu, mata suka fito da ludaya da muciya suna ihu, wata ta watsa wa wata miya mai zafi a ƙirji. Na ga an danne ƙaramin ƙanin Lawal ana tattaka shi da takalmi yana kiran sunan uwarsa. Lawal ya wawuri wuƙar fiɗa a kan tiren nama ya kai wa Yaya sara, Yaya ya kare da hannu, ta tsarge shi tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, jini ya yi tsartuwa har kan mayafina. Yaya ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya ruga cikin gida ya fito da taɓarya. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya zai sauke a kan Lawal, sai Baffa ya shiga tsakani yana cewa, "Ku bari, ku bari don Allah, 'ya'yana." A gefen fuskarsa ta sauka. Na ji ƙarar ƙashi. Dattijon nan ya durƙushe, farar rigarsa ta Sallah ta rine, haƙoransa biyu a ƙasa cikin ƙura, idonsa na hagu ya koma wani abu da ba zan iya kwatanta muku ba. Ni kuwa ina tsaye da waya a hannu, muryar Malam na ci gaba da magana.

An kai su asibiti a Katsina. Idon Baffa ya tafi, muƙamuƙinsa ya karye, yanzu da ƙyar ake gane maganarsa. Yaya ɗinki ashirin da wani abu, yatsunsa biyu ba sa motsi. 'Yan sanda sun kwashi mutum shida, sai da manyan unguwa suka shiga aka ce a bari a sasanta a gida.

Bayan sati guda Iya Dije ta aiko a kira ni. Na same ta a kan gadonta ta ƙanƙance kamar yarinya, amma hankalinta garau. Ko gaisuwata ba ta amsa ba ta ce, "Kunna mini abin da kika kunna." Na kunna. Da aka zo wurin shirun nan ta ɗaga hannu ta ce in tsayar. Ta ce, "Kin ji wannan shirun? Shi ne amsar, shashasha." Sai ta jawo sandarta ta maka mini a kafaɗa, tsohuwar da ba ta iya ɗaga kofi. Ta ce, "Sale ɗan fari ne! Wane namiji ne a zamaninmu zai buɗe baki ya ƙirga ɗan farinsa a cikin 'ya'yansa? Ko a hanya suka haɗu yayana Malam sauya hanya yake yi. Kuma sunan wa aka sa masa? Ɗauko takardar taki, wa kika rubuta a can sama?" Na ce Salihu, mahaifin Malam. Ta ce, "To! Sunan ubanmu ne. Ta ina Malam zai iya furta shi? Wa ya taɓa sa wa agola sunan ubansa?" Ta ce uwar Baffa gida ta tafi haihuwa kamar yadda ake yi a cikin fari, kunya ta hana Malam zuwa suna, ita Iya ce ta raka ragon, wanzamin can ya yi wa jariri tsagar dangin uwa. Uwar ba ta gama wanka ba ta rasu, kawunsa ya riƙe shi, shi ya sa shi a makaranta da sunansa. Ta ce gonar da Baffa ke nomawa har yau Malam ne ya saya masa a ɓoye, kuma duk daminar duniya sai ya aike ta ta dubo masa ko yaron ya yi ƙiba.

Jama'a, ni Bahaushiya ce. Na san kunyar ɗan fari, uwata ma ba ta kiran sunan Yaya. Amma na ɗauka abin mata ne, ban taɓa kawo wa raina cewa namiji malami zai yi ta har a gaban rediyo ba. Kuma sunan nan da hannuna na rubuta shi a saman kyallen, da manyan baƙaƙe. Ina idona yake? Ina karatun da nake taƙama da shi?

Iya ta ce, "Ki je ki tara su ki faɗa, yadda kika tara su kika ɓata." Duk maganarta na ɗauka a waya, tana nan. Na dawo Daura na tarar da Yaya a tsakar gidanmu da hannu a naɗe, idonsa jajur. Ya ce, "Me tsohuwar ta ce?" Ya matso har ina jin numfashinsa, ya ce, "Ki faɗa mini ba yayan ubana na fasa wa ido ba. Don wallahi in ya tabbata ƙarya kika rubuta, ke zan fara karyawa, sannan in san yadda zan yi da kaina." Na san Yaya, ba ya faɗar abin da ba zai yi ba. Bakina ya buɗe da kansa na ce, "Ta ce gaskiyata." Ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdulillah. Wannan ita ce ƙaryar da ke cin raina, don ta farko kuskure ne da son zuciya, wannan kuwa da sanina na yi ta. Kwana goma sha tara bayan nan Iya Dije ta rasu. Yanzu daga ni sai wayata muka san abin da ta faɗa.

Ranar Asabar za a zauna a gaban mai unguwa da liman. An ce in zo da kaset, in dafa Alƙur'ani in ce abin da na rubuta shi na samu. In na dafa, an yanke Baffa da 'ya'yansa daga gidan Malam har abada, ni kuma na san abin da na dafa a kai. In na kunna muryar Iya, Yaya zai san uban da ya rage masa a duniya ya nakasa, Lawal kuma ya riga ya rantse a gaban mutane cewa in ta tabbata ƙage ne, ido sai ya biya ido. Mijina bai sani ba. Ba na iya cin nama tun ranar. Ko ƙarar daka na ji a maƙwabta sai in toshe kunnuwana.

Shekaranjiya na kasa daurewa na hau mota na tafi Babban Mutum. Na yi zaton za a kore ni, Lawal ma da ya gan ni tofar da yawu ya yi ya fice. Baffa na kwance a ɗaki, rabin fuskarsa a naɗe. Na durƙusa ina kuka. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya yi ta ƙoƙarin magana, sai da na kai kunnena bakinsa na gane. Bai zage ni ba, bai tambaye ni dalili ba. Cewa ya yi, "'Yata, ranar nan hayaniya ba ta bar ni na ji ƙarshen kaset ɗin ba. Shekara saba'in ban taɓa jin ya kira ni ba. Can gaba, ko sau ɗaya, ya ambaci sunana?"

Wayar na cikin jakata, da muryar Iya a ciki tana faɗin yadda ake aikenta ta dubo ko ya yi ƙiba. Na ce masa zan duba.

Saura kwana uku. Don Allah, me zan yi?