Ƙanshin Hannunki

Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya Baba da Goggo? Allah ya ƙara muku lafiya.

Ni lafiya lau nake. Tsayuwa ce dai a shagon turare daga safe har yamma, ƙafafuna kan ɗan kumbura, amma kada ki faɗa wa Baba.

Inna, wata magana ce ta tsaya mini a rai. An kawo mana sabon turare mai tsadar gaske. Uwar ɗakina ta ce in riƙa gaya wa masu saye ƙanshin ɗanyen na'a-na'a ne da ɗoɗɗoya da fure. Da na fesa a 'yar takarda na shinshina, sai na gane shi nan take. Ƙanshin hannunki ne sak idan kin taso daga kasuwa.

Kin tuna ranar da kika biyo ni makaranta da tiren ganyenki, kin kawo mini littafin da na manta? A gaban ƙawayena na ce ki tsaya daga waje, kina warin ganye. Kika goge hannunki da bakin zane, sannan kika miƙo mini littafin.

Yau manyan mata ke lumshe ido a kan wannan warin, ni kuma ina wuni ina yabonsa da bakin nan nawa.

Ki yafe mini, Inna. Ranar da na dawo, don Allah kada ki goge hannun.

'Yarki